Kujerar da ke Jiran Auta

A gidansu ba a kiran ciwon Auta da sunansa. Likita ya ce ciwon damuwa ne, ya rubuta magani, amma Umma ta fi son ta ce jiki ne ya yi nauyi. Yaya kuwa, babban wansu, cewa yake yi son jiki ne kawai. Idan ciwon ya taso, Auta takan wuni kwance tana kallon silin, ko buroshin goge baki ya fi ƙarfin hannunta. Baƙo in ya tambaye ta, sai a ce ta yi tafiya.

Yaya ne ke samo mata aiki, kuma kullum iri guda: tebur a bakin ƙofa, waya a gefe, murmushi daga safe har yamma. A shagon sayar da wayoyi manaja ya ce aikinta ba laifi, fuskarta ce ke korar ciniki, ta riƙa sakinta mana. Ta gwada. Murmushin ya riƙa cinye ɗan ƙarfin da ta tashi da shi, kafin rana ta raba ta zama fanko. Ranar da ta kasa fita, washegari ta tarar da wata a teburinta. Yaya ya yi ta faɗa, wai ta zubar masa da mutunci. Ta lura mutuncinsa kaɗai ya ambata.

Aikin da ya karɓe ta da ƙafarta ta same shi. Umma ta aike ta rumfar masu gyaran kujeru a bayan layinsu, ta tambayo ko an gama da ta falonsu. Don gudun hira, tana jira ta ɗauki filaya ta fara zare ƙusoshin wata tsohuwar kushin, ɗaya bayan ɗaya. Mai rumfar, dattijon da ake kira Ba-Wasa, ya tsaya yana kallonta. Ba tausayi ne ya kama shi ba. Ma'aikatansa duk sun tsani wannan aikin na raba kujera da tsohon yadinta, wanda suke kira fiɗa. Sukan fizge da gaggawa su tsaga masa katako. Ya ga mai haƙurin da zai more, ya ce ta dawo gobe da kayan da ba ta so.

Rumfar tana da doka guda: wanda ya fara fiɗar kujera shi zai gama ta, don shi kaɗai ya san inda ya bar ƙusa a tsaye. Kowa ya sa hannu a ta wani, in ƙusa ta soke shi, ya kuka da kansa.

Ana cikin haka ciwon ya sake kayar da ita. Da ta samu ta miƙe, ta nufi rumfar da ban haƙurinta a baki, ta riga ta sallama aikin. Sai ga kujerarta a inda ta bar ta, rabi a fiɗe, an lulluɓe ta da buhu, filayar na kan hannun kujerar. Ba-Wasa bai ɗago ba, ya ce mai kujerar ya zo ya yi surutu, ta hanzarta. Telan rumfar ya leƙo daga bayan kekensa.

“Sarauniyar fiɗa, ai mun ɗauka kin auri katifa.”

“Ta sake ni,” in ji Auta, ta yaye buhun.

Ciwon bai tafi ba, tana shan maganinta, tana komawa wurin likita. Amma yanzu in ta kwanta, ta san akwai abin da ke jiranta kuma ba ya neman fara'arta.

Labari ya kai wa Yaya. Ya zo da farar shaddarsa, yana taka tarkacen soson kujeru kamar mai tsallake kwata. Ya ce ya samo mata wuri a wani ofis, da sanyin na'ura, gobe za a gan ta. Ta wanke hannu su tafi. Ta ce ta gode, ba ta zuwa. Ya tuna mata karatunta, ya tuna mata cewa ita mace ce a cikin gardawa, daga ƙarshe abin da ke cinsa ya fito.

“To ni me zan ce wa mutane in sun tambaya?”

“Ka ce musu na yi tafiya, Yaya. Ai ka saba.”

Keken tela ya tsaya. Yaya ya duba hagu da dama, ya rasa inda zai ajiye fuskarsa, ya ja kujerar da ke kusa zai zauna su yi maganar a tsanake. Auta ta tare shi da filaya.

“Ba wannan ba. Ban gama da ita ba, akwai ƙusa.”

Ya tsaya a tsaye. Ita kuwa ta durƙusa, ta laluba da yatsa har ta gano kan ƙusar, ta kama, ta murɗa, ta zare.