Gwaggo da Gaisuwar Habu

Jiya ina ɓarar wake a tsakar gida, ƙamshin busasshen ɓawonsa ya tuno mini da Gwaggo, tsohuwar maƙwabciyarmu a Wagini. Bara war haka, da kaka, Allah Ya yi mata rasuwa.

Ɗana Habu har ya yi gemu bai taɓa magana ba, kuma ba a barinsa shi kaɗai. Mutane kan shigo su gaishe ni, su wuce shi kamar turmi. Gwaggo kuwa, da tsufanta, sai ta durƙusa gabansa, gwiwoyinta na ƙara, ta ce, "Malam Habu, an tashi lafiya? Ya gajiya?" Sannan ta yi shiru tana jira.

Wata rana, bayan ya yi kwanaki yana hana ni barci, na ce mata, "Gwaggo, kin san fa ba zai amsa ba."

Ta ce, "Yana amsawa, 'yar nan. Gajiya ce ta rufe miki ido. Dubi hannunsa."

Na duba, sai ga tafinsa a kan ƙirji.

Ta jawo faifan wake ta ajiye tsakaninsu, ta ce, "Shiga ɗaki ki kwanta, yau ni ce uwarsa." Barci ya kwashe ni ina jin ƙwayar wake na zuba a ƙwarya, ban farka ba sai la'asar.

Yanzu babu mai kama mini. Amma kullum da safe nakan durƙusa in gaishe shi, in jira hannun nan.

Allah Ya jiƙanta. Ranar da za ta yi sallama a ƙofar Aljanna, Allah Ya sa kada a bar ta tana jiran amsa.