Ciyawar da ya hana shanun gidanmu

Damina arba'in ke nan da rasuwar maigidana. Ban yi lakwal ba, ban san boko ba, jikata ce ke rubuta abin da nike faɗi. Sunansa ma ba za ku ji a bakina ba, ban taɓa kiransa ba yana da rai.

Shi sarkin daji ne, mai gadin gandun nan na arewa inda ba a kiwo ba a farauta. In ya zo gida Korgom hutu, ba shi da hira sai ta barewa da tuji da jimina, da yadda ciyawa ke kai wa doki ciki a bayan tudun rairayi. Ni da ban taɓa ganin wurin ba na san shi kamar tsakar gidanmu.

Sai fari ya zo, zamanin soja. Ƙasa ta ƙone tun daga nan har Mayahi, ciyawa ba ta rage ko'ina ba sai cikin gandun. Ƙanena Ilu ya kora ragowar shanun mahaifinmu, kwana da kwanaki a ƙafa, don ya san wanda ke gadi.

Ilu da kansa ya ba ni labari. Ya ce wa maigidana: «Yaya, kwana uku kaɗai, su samu ƙarfin tsayuwa.»

Maigidana ya ce: «In na buɗe maka, Ilu, me zan ce wa garke ɗari da ke bayanka? Juya.»

Ya ba shi ruwan salkarsa da garin da ke jakarsa, ya raka shi bakin iyaka. Saniya biyu suka iso gida. Innarmu ba ta sake amsa gaisuwarsa ba har ta koma ga Allah. Ni kuwa na ci gaba da dafa mishi tuwo, ina ajiyewa ba magana. Haka muka yi har ciwon ƙirji ya tafi da shi.

Yanzu na ji a rediyo wai raƙuman dawa na yawo a gandun, baƙi na zuwa kallo da mota. Da yana nan ban ce zai yi murna ba. Zai fara tambayar wa ke gadi, kuma ko yana da dangi masu shanu.

Shekarun nan duka ina aunawa, har na gaji. Ban ce ya yi daidai ba, yaran Ilu da talauci suka tashi. Amma ban san wani mutum a ƙasar nan da ya hana nasa abin da ya hana bare ba. Bana na sa an yi mishi sadaka, na aika wa Ilu. Ya zo, ya zauna nesa, ya shafa fatiha.