Rijiyar Kaka Sumiko

Ina 'yar shekara bakwai muka tare a wani bene a unguwar Belleville ta Paris, hawa na huɗu. Ƙofarmu tana kallon ta wata tsohuwa 'yar Japan mai suna Sumiko. Inna tana aiki a asibiti, sai bayan magariba take dawowa, don haka in na taso daga lakwal, wato makaranta, wurin tsohuwar nake zama. Inna ta ce in riƙa ce mata Kaka, sunan kuwa ya bi ta.

Tun tana da ƙuruciya ta bar garinsu na bakin teku, ta biyo mijinta, wani kafinta Bafaranshe. Ya rasu kafin mu zo. Ɗansu ɗaya, Paul, yana Lyon. Ba ta koya masa yarenta ba, don kada yara su yi masa dariya.

Lokacin sanyi mukan zauna a ƙasa, mu tura ƙafafu ƙarƙashin wani gajeren tebur da ta lulluɓe da bargo. Ta ɓare mini lemo, ta fara tatsuniya da guntun Faransancinta, tana tsarma kalmomin garinsu har na haddace wasu.

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta ɗiyar masunci da aka kai aure bayan dutse, inda ba a jin yarenta. Kullum da yamma sai ta leƙa rijiya ta zuba maganganun garinsu a ciki. Da ta tsufa, yaren mijinta ya ɓace mata. Tana neman ruwa, ɗanta bai gane ba. Ya je bakin rijiya yana kuka, sai rijiyar ta mayar masa da kalmomin uwarsa ɗaya bayan ɗaya.

Na taɓa tambayarta ko akwai irin rijiyar nan a Paris. Ta yi dariya ta ce, "Nan famfo gare su, Hadiza. Famfo ba ya riƙe magana."

Ina jami'a mantuwa ta kama ta, Paul ya mayar da ita gidan kula da tsofaffi a Lyon. Wata Asabar na hau jirgin ƙasa na je. Na tarar Faransancin ya tafi duka. Tana ta maimaita kalma ɗaya, Paul yana tsaye da kofi a hannu, ya ce tun safe yake ba ta ruwa tana turewa.

Na saurara. "Samui," take cewa.

Na ce masa sanyi take ji. Ya tuɓe rigarsa ta sama ya rufa mata, ta daina maimaita kalmar, ta riƙe hannunsa. Daga baya ya fita waje, ya daɗe bai dawo ba. Kafin in tafi ya sa na rubuta masa duk abin da na tuna. Ba su kai kalma ashirin ba. Da su ya yi jinyarta har Allah ya karɓi abinsa.

Da ina yarinya na ɗauka labarin ɗiyar masunci ne kawai. Sai yanzu na gane Kaka tsoronta take gaya mini, ba ta da wanda za ta gaya wa sai ni.

Yau ina da 'yata, Inna kuma ta fara furfura. In na yi wa yarinyar magana ta amsa da Faransanci, nakan sake faɗa da Hausa, in jira. Wani lokaci tana fushi. Ina jira dai.