Ranar da Muka Auna Lungu da Makara

Na manta yawancin zaman da na yi a majalisar ƙaramar hukumarmu, wadda mu 'yan unguwar Nima muke ce wa asambuli. Na manta jawabai, har da nawa na kaina, kuma wallahi ba a yi asarar komai ba. Amma ranar da muka fito da makara babu gawa a kai, muka bi lungunmu da ita, wannan kam sai dai in an ɗora ni a kanta zan manta.

Ni tela ne. Surutuna ne ya ja mini, mutanen unguwa suka ce tunda bakina ba ya gajiya, in je in gajiyar da hukuma. Suka zaɓe ni, na wayi gari yara suna ce mini Onarabul. Wanda bai taɓa zama a zauren asambuli ba yana zaton wuta ake yi a ciki. Ina! Fankoki ne ke juyawa a hankali, akawu yana karanta abin da aka faɗa a zaman baya, wani ya miƙe ya ce ba haka ya faɗa ba. Daga nan a shiga maganar fitilun titi, da bayan gida na haya, da awakin da ke kwana a bakin hanya. Ni kuwa sai in jingina, idona biyu amma na yi nisa. Ruwa nake gani. Ina ganinsa yana gangarowa lungunmu, yana wanke bakin ƙofofi, mata suna zaune abinsu ba mai ɗaukar jarka.

Don tun ina yaro lungunmu bai san famfo ba. Matanmu da 'yanmatanmu su ne kullum a hanya da jarkokin nan masu ruwan ɗorawa, wani lokaci har unguwar Kotobabi. Alkawari ɗaya na yi da aka zaɓe ni, rijiyar burtsatse da tanki. Na kai maganar ƙaramin kwamitin ayyuka, ta sha zama. Ta haura kwamitin zartarwa, ta ƙara shan wani. Har aka fara kirana Onarabul Tanki kafin a ce an yarda. Wuri ɗaya ne ya rage a duk unguwar da ba a gina ba, wato kwanar da ke bayan masallaci, inda lungu ke lanƙwasawa. Injiniyar asambuli, wata mata 'yar ƙabilar Ga mai son aikinta, ta zo ta auna, ta kafa turaku. Ta bar hanyar da mai kaya a ka zai wuce, har mai baro ma. Abin da ya rage shi ne 'yan kwamiti su zo su gani da idonsu, washegari babban zama ya amince. Sai dai akwai ƙa'ida: in aka sami matsala a wurin, magana ta koma kwamiti. Ga kuma wani abokin aikina na wata unguwa, da filinsa a share, yana jira kawai tawa ta faɗi a kai tankin unguwarsa.

A daidai wannan kwanar akwai wata tsohuwar rumfar katako, ta wata tsohuwa ƙawar kakata. A ciki ta sayar da koko da ƙosai har gwiwoyinta suka ƙi. Mijinta marigayi ne ya kafa mata ita da hannunsa, don haka ko da ta daina sana'a, kullum da safe sai an rako ta ta zauna a ciki, tana kallon masu wucewa. Maigida take ce mini, ni kuma in ce mata amarya. Na je mata da fankama ana saura 'yan kwanaki kwamiti ya zo.

"Amarya, kin ga aikin mijinki? Ruwa har ƙofar ɗaki."

Ta daɗe tana kallon turakun. Sai ta shiga ba ni labarin da ta saba, na kogin garin babanta can arewa, wanda ba ta taɓa gani ba. Wai babanta ya ce da yamma ruwan yakan yi ja, shanu su sauko, yara su kwanta a ciki har sai an kira su. Ta ce takan yi mafarkinsa, ta ji sanyinsa a ƙafa, ta farka ta tarar da jarka babu ko ɗigo. Ina shirin tashi ta riƙe mini hannu.

"Maigida, ruwa yana da kyau. To ni fa, ta ina za ku fita da ni?"

Na yi dariya, na ce amarya ba yanzu ba. Ban kai gida ba na gane abin da take nufi. Duk gidajen da ke can ciki, ta wannan kwanar ake fito da mamatansu, babu wata hanya. Mu kuwa ba ma karkata makara, ba ma tsayar da ita a tsaye kamar katifa. A kafaɗa take tafiya, a kwance, kai a gaba, daga wannan kafaɗa zuwa waccan har masallaci. Dukanmu mun san haka, a ciki aka haife mu, amma ƙishirwa ta sa ba wanda ya tuna, har ni.

Na faɗa wa matata. Ta ajiye ludayi ta dube ni. "Ei! Yanzu saboda maganar tsohuwa za ka bar ruwa ya tafi wata unguwa? In ka yi haka, kai za ka riƙa zuwa Kotobabi da jarka, Onarabul ko ba Onarabul ba." Ba ta yi ƙarya ba, ita ce wuyanta ke ciwo. Da zan yi shiru, ba wanda zai sani sai ranar da aka yi rasuwa. Na so in yi shirun, Allah ya sani na so. Amma da na rufe ido sai in ga hannun tsohuwar nan a kan nawa.

Ranar da 'yan kwamiti suka zo, da hantsi, na sa aka jera benci-benci a kan turakun, daidai faɗin gindin tankin. Sannan na je wurin liman na roƙi makara. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Onarabul, makara ba ta fita yawo."

Na ce, "Allah gafarta malam, gara ta fita yau ba kowa a kai, da ta tsaya gobe da mutum."

Ya yi bisimilla, ya buɗe mana ɗakin.

Muka zagaya da ita can ƙarshen lungu, muka taho. Abin da ban yi tunani ba shi ne mutanenmu. Wata mata ta leƙo ta taga ta saki salati, nan da nan salati ya kama gida-gida. Mai shayi ya kashe rediyonsa. Maza suka riƙa fitowa, wani da buroshi a baki, wani da allura a riga, ba mai tambayar wa ya rasu, kowa sai ya sa kafaɗa ya karɓa, don haka aka saba. Kafin in buɗe baki in yi bayani an riga an raba ni da ita. Na koma baya ina kallo.

Har yau ban san yadda zan kwatanta wannan tafiya ba. Makarar ba nauyi, sai ta riƙa lilo a saman kawuna kamar kwalekwale. Rana tana ratsa ta, inuwarta tana bin bango a hankali. Hayaniyar Nima duk ta ja baya, har hon ɗin motocin babban titi sai na ji shi kamar daga wani gari. Sai na ga babana a kai, ranar da muka bi da shi ta nan. Na ga kakata. Na ga malaminmu na allo, da wata jaririya da aka ɗauka a hannu, da maƙwabcinmu mai gyaran agogo. Duk ta wannan lungu suka bi, ba wanda ya taɓa bango. 'Yan kwamiti da ke tsaye a kwana, yawancinsu ba Musulmi ba, suka cire huluna.

Sai ƙwas! Kan makara ya daki bangon masallaci, gindinta ya tokare benci. Aka ja baya, aka sake gwadawa. Aka ɗaga sama, rufin kwano ya tare. Ta ƙi juyawa.

A nan mutane suka lura ba kowa a kai, suka kuma gane abin da nake nufi. Ba wanda ya yi dariya. Mata suna tsaye da jarkokinsu suna kallona, matata a cikinsu, na rasa inda zan sa idona. Shugaban kwamiti ya matso ya ce mini a hankali ya yi baƙin ciki, amma dole ya faɗa wa babban zama abin da ya gani. Injiniya ta sake jan awonta, ta duba nan ta duba can, ta ce da za a sami ko kamu biyu ta hannun dama, da ta matsar da tankin. Kowa ya san abin da ke hannun dama. Kowa ya kau da kai, don ko a mafarki ba mai iya cewa a taɓa rumfar nan.

Daga cikin rumfar muka ji ƙaramar dariya.

"Maigida, zo ka ɗaga ni, ka tsaya kamar an dasa ka."

Na je na durƙusa. Na ce, "Mma, ba wanda ya ce ki tashi." Ranar ce kaɗai ban ce mata amarya ba.

Ta shafa ginshiƙin katakon da ke kusa da ita, ta daɗe tana shafawa. Sannan ta ce, "Koko ya ƙare tun tuni. Wanda ya kafa ya tafi, ta nan kuka bi da shi. Ni hanya nake so, yaran nan ruwa suke so. Ku cire. Amma ranar da ruwa ya zo, ni zan fara sa ƙafa."

Injiniya ta rusuna har ƙasa ta gaishe ta. Muka ɗauke ta a kujerarta zuwa inuwar masallaci, ta juya baya don kada ta gani. Katakon ya riga ya ruɓe, da hannu ma aka zare shi. Aka matsar da bencin, aka sake tahowa da makara. Ta juya sumul, ko bango ba ta shafa ba.

Washegari a babban zama maganar ba ta kai tsawon shan kofin ruwa ba. Shugaban kwamiti ya ce an duba wuri, an ɗan gyara, babu matsala. Aka ce masu goyon baya, hannuwa suka tashi, aka wuce zuwa maganar kwashe shara. Na sunkuyar da kai hawaye yana zuba. Na kusa da ni ya zungure ni, wai Onarabul Tanki an ba ka tankinka kana barci.

Bayan damina ruwa ya zo. Muka kawo ta a kujera, aka tara mata a babban baho, ta tsoma ƙafafunta ta lumshe ido. Mata suna guɗa, ita ko motsi ba ta yi. Can ta buɗe ido ta ce mini, "Maigida, ashe haka kogi yake."

Ba ta ga damina ta gaba ba. Da ruwan tankin nan mata suka yi mata wanka, matata ce ma ta ɗebo. Da muka iso kwana ina gaba, makara a kafaɗata. Muka juya da ita a kwance, kai a gaba, daidai kan inda rumfarta take a da.

Na bar asambuli da daɗewa, na koma kan keken ɗinkina. Amma abin da ranar nan ta koya mini yana nan. In na ji an ce hukuma ta amince da abu cikin minti ɗaya, nakan ce a raina akwai wanda ya tashi daga rumfarsa kafin hannuwan nan su tashi, kuma ba za a ambace shi a zauren ba. Duk sabon ɗan majalisar da ya zo shagona neman shawara kuwa, abu ɗaya nake faɗa masa: in za ka auna hanya a Zango irin wannan unguwa tamu, kada ka auna ta da mai tafiya da ƙafarsa kaɗai, ka tuna da ranar da za a ɗauke shi.