Malam Nasidi da Idon Saniya

Ranar kasuwar Mafara, kafin ya wuce makaranta, Malam Nasidi yakan jingine kekensa a rumfar mahauta. Tukur mahauci na hango shi zai ɗaga murya: "Ga mai cin ido ya iso! Malam, yaushe za ka sayi tsoka kamar kowa?" Sai Malam ya yi dariya, ya karɓi idanun shanu a ƙulle cikin leda. A bana ya ajiye alli, kuma duk wanda ya zauna ajinsa na kimiyya yana tuna ledar nan.

A gabanmu yake tsaga idon da reza. Ya nuna mana farar fata mai tauri da ke kare shi, da ƙofar tsakiyar baƙi da ke tsukewa cikin rana ta buɗe cikin duhu, da tantanin baya inda hoto ke sauka a kife, da jijiyar da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa ta miƙar da shi. 'Yan mata na toshe hanci, shi kuwa yana cewa, "Ku matso, ba ta ganinku yanzu."

Ni ina layin baya, ba na magana. Allon hazo ne a wurina, na ɗauka haka kowa ke ganinsa. Sakamakona ya lalace har Baba ya ce zangon nan ne na ƙarshe. Malam ne ya lura da yadda nake ƙanƙance ido. Ya aika cewa a kai ni asibiti a gwada mini tabarau. Baba ya ƙi. A garinmu an yarda gilashi cinye ido yake yi.

Sai Malam ya bi shi har gonar albasa, bakin magudanar ruwan Bakolori. Bayan doguwar gaisuwa ya kwance ledarsa.

"Malam Jatau, ka taɓa duba cikin idon sanka?"

"Mi zan nema ciki? Ni dai ɗiyata ba ta sa kwalba a fuska."

Malam ya tsaga, ya zaro wata 'yar ƙwaya garai-garai kamar ƙanƙara, ya ɗora ta kan rubutun buhun taki. Baƙaƙen suka kumbura. Ya ce, "Kowane ido da irin wannan Allah Ya halicce shi, naka da nawa da na saniya. Na ɗiyarka Taiba yana tara haske kafin ya kai inda ya kamata. Taimaka masa kawai za a yi."

Baba ya daɗe a tsugune yana matsar da ƙwayar daga baƙi zuwa baƙi.

Ranar da na sa tabarau, Baba ya tsayar da ni a ƙofar gida. "To, mi kika gani?"

Na ce, "Baba, ashe kana da furfura."

Malam, kai ne mai duban layin baya. Da ba ka taka zuwa gonar nan ba, da ban ga ƙofar jami'a ba. Na gode, Allah Ya saka da alheri, Ya bar maka ganinka har tsufa.

Malamai, a ajin kowannenku akwai mai ƙanƙance ido da ba zai taɓa ɗaga hannu ba. Ku taka zuwa bayan aji, ku tambaye shi abin da ke kan allo.