Matakin da Malamin Lissafi Ya Tsallake

Shekarar da ɗiyata ta shiga ajin ƙarshe na sakandare na sa ta lesin ɗin lissafi a Sabon Gari. Ni tela ne a Ƙofar Atiku, karatuna bai wuce firamare ba. A aikina awo ake fara yi, sannan yanka, sannan ɗinki.

Kullum in ta dawo sai in ji tana rera wani abu tana wanke-wanke, da irin muryar da yara ke biya karatu: "Lin x, ɗaya bisa x." Ta ce kalkulas ne, ana neman yadda lin, wato log, yake sauyawa. Malaminsu yakan tsaya da bulala su yi ta maimaitawa har ya zauna. Na ji daɗi, a zatona karatu ne.

Da aka yi gwaji a makaranta ta faɗi. Ta zo tana kuka, ga jarrabawar fita ta matso. Na kai takardar wurin ɗan ƙanena da ke jami'a. Ya duba ya ce, "Baba, ai rabin aikin ta sani. An ba ta lin na 3x + 2, ta rubuta ɗaya bisa 3x + 2 ta tsaya. Saura ta nemo sauyin abin da ke ciki, wato uku, ta ninka da shi." Duk tambayoyin log haka ta yi musu. Ba a taɓa gaya mata akwai mataki na biyu ba.

Washegari na rufe shago na tafi wurin lesin ɗin. Na tarar da yara cike da ɗaki suna rerawa. Na ce wa malamin, "Malam, ina sauran?"

Ya ce, "Alhaji, lokaci na babu. In sunka haddace wanga, sauran su tsince shi a hanya."

Na ce, "A hanya? Kai in na ɗinka maka riga hannu guda, sai ka tsinci gudan a hanya?"

Yara suka kwashe da dariya, shi ma ya yi, har da cewa tsoho ya iya zance. Wannan dariyar tasa ta fi komai ƙona mini rai.

Na kama hannun ɗiyata muka fita. Daga ranar ɗan ƙanena ke zuwa shago bayan la'asar, ta zauna kan benci ta rubuta kowane mataki a layinsa. Ta ci jarrabawar da ƙyar. Sauran yaran na can na bar su suna rerawa.