Ranar da na cire kalandar kotu

Shekarun baya, lokacin ina magatakarda a wata 'yar kotu da ke cikin birnin Zazzau, takarda ta iso mana cewa gwamnati ta ware kuɗi domin injiniyoyi su zagaya su duba lafiyar gine-ginen kotuna, su rubuta abin da kowacce ke buƙata.

Mu kuwa tamu ta ji jiki. Bangon gabas ya tsage har hannu na shiga. Ɗakin da muke ajiye fayil-fayil na gado da na filaye yoyo yake yi, da damina sai mu jera bokitai. Duk sanda hadari ya taso daga gabas sai na ruga na duba ɗakin, don hakkin marayu ne a cikin takardun nan.

To, amma kun san halinmu. Baƙo zai zo, ba a bari ya ga tsiraicin gida. Alƙalinmu, dattijo mai kunya, ya ce a gyara wuri. Ni sarkin zumuɗi na fi kowa rawar jiki. Na sa aka shafe bango da farar ƙasa, na kwashe bokitan na kai bayan masallaci, na samo wata ƙatuwar kalanda na rufe tsagar nan ruf. Har turare na kunna don warin danshi.

Injiniyar da aka turo mace ce, ba ta da yawan magana. Aka kawo mata fura, ta ɗan kurɓa, ta zagaya, ta ce, "Masha Allah. Tun da na fara yawon nan ban ga kotu mai tsafta irin taku ba. Da alama ku ba ku da wata matsala."

Alƙali ya yi murmushi. Ni ma na washe baki, sai da na ga ta buɗe littafinta za ta rubuta, sannan na farga. In ta rubuta lafiya lau, an wuce mu ke nan, kuma damina saura wata biyu. Ashe da hannuna na tare mana gyara.

Matsalar ita ce ƙaramin ma'aikaci ba ya kwance wa alƙali zani a gaban baƙuwa. Can dai na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, a ba ni izini in cire kalandar nan. Ta bara ce."

Wallahi ta bana ce, kowa na gani. Malam ya dube ni ta saman tabarau har na fara tunanin ƙauyen da za a mayar da ni. Sai ya yi dariya ya ce, "Cire ta, magatakarda. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka ɗauko bokitanka ma ta ƙirga."

Injiniya ta ga tsaga, ta ce, "Haba Malam! Wannan kuka rufe?" Ta ajiye jaka. Sai bayan la'asar ta bar mu, ta hau silin, ta ɗauki hotuna, ta cika shafi uku. Aikin bai zo da wuri ba, mun sake shan damina ɗaya da leda a kan kabad, amma ya zo. Aka sake rufi, aka ɗaure bango.

Bayan wasu shekaru wata tsohuwa daga Ƙofar Kuyambana ta zo tana kuka, 'yan uwan mijinta marigayi na neman karɓe gonar 'ya'yanta. Na shiga ɗakin nan na zaro hukuncin rabon gadonsu, a bushe, tawadarsa raɗau. Ta riƙe takardar tana ta sa mini albarka, ba ta san tarihin ba.

Na yi shekara talatin ina rubuta abin da wasu suka faɗa a gaban alƙali. Sau ɗaya tak na buɗe baki na faɗi tawa, kuma har gobe ita nake alfahari da ita.